Layin Baba Ya Katse

A gidan rediyon nan kowa ya san aikin tabarau ɗin Maigida, mai tashar. Idan ana shirin kiran waya na safe, yakan zauna bayan gilashi kusa da injiniya. Da zarar mai kira ya fara taɓa inda ba a so, Maigida ba ya cewa uffan, tabarau kawai yake cirewa ya hau gogewa. Injiniya ya sauke layin, ita kuma Auta, mai gabatar da shirin, ta karya murya ta ce, “Ayya, layin ya katse.” Ta ƙware a wannan ayya ɗin har abokan aiki suna tsokanarta da ita a wurin shan shayi.

Ranar nan Ministan ruwa ne baƙo. Tashar ce ta yi ta wanke shi safe da yamma har ya samu kujerar, shi ya sa da Maigida ya shigo, Ministan ne ya yi zumbur ya miƙe. Maigida ya dafa kafaɗarsa kamar wani ƙaninsa, ya zayyana masa abin da zai faɗa da abin da zai tsallake. Bututun unguwar bayan kasuwa yana cikin na tsallakewa. Kamfanin Maigida ne ya shimfiɗa shi, kuma tun ranar da aka buɗe shi da tafi da ɗaukar hoto, famfo bai ɗiga ba.

A unguwar aka haifi Auta. Ko jiya da ta je gaida iyayenta, ta tarar da Mama tana jan jarka daga bakin titi, tana yi tana dafe ƙugu.

Masu kiran farko duk 'yan yabo ne, Minista sai washe baki yake. Sannan aka haɗa wani layi, wata murya ta yi sallama a nutse. Baba ne, mahaifin Auta. Tsohon tela da bai taɓa kiran rediyo ba a rayuwarsa. Bai ce mata Auta ba, Malama ya kira ta, don kada a ce ta yi son kai. Ya gaida Minista da girmamawa, ya ce tambaya ɗaya gare shi a kan bututun unguwarsu: wane ne aka ba aikin, kuma ina ruwan ya tsaya?

Maigida ya cire tabarau.

Injiniya ya san Baba, Baban ne ya ɗinka masa kayan aurensa. Ya janye hannuwansa daga kan na'ura ya sunkuyar da kai. Minista bai ko kalli makirufo ba, gilashin yake kallo yana jiran ceto. Maigida yana ta goge tabarau, idonsa a kan Auta. Kusa da hannunta akwai jan maɓalli da aka tanada saboda masu zagi. Ta tuna wanda ta gada a kujerar nan, wanda ya taɓa barin irin wannan kira ya kai ƙarshe, yanzu yana zaman gida. Baba yana cikin cewa matarsa ta tsufa da ɗaukar jarka, ta danna.

“Ayya, layin ya katse.”

Muryar ta fita sumul, kuma wannan ne ya fi ba ta kunya. Bayan shiri Maigida ya yaba mata a gaban Minista. Injiniya ya wuce ta a baranda bai ɗago ba.

Da la'asar ta ja ƙafa zuwa gida, ta shirya wa faɗa, ta ma fi son a yi mata shi. Ta samu Baba a ƙofar gida kusa da jarkoki, yana juya tsohuwar wayarsa, ransa a ɓace. Amma ba da ita yake ba. Ya ce daga gama shirin ya tafi wurin mai gyaran waya, mutumin ya buɗe ta ya rufe, wai lafiyarta ƙalau, wai a rediyon ne aka yanke shi da gangan. Har mutane suka taru, sai da aka ba Baba haƙuri.

“Na ce masa ya iya bakinsa. 'Yata ce da kanta ta faɗa, gari duka ya ji. Ita ba ta ƙarya.”

Mama tana daga zaure tana jin su. Ta dubi Auta sau ɗaya, ta ɗauki jarka ta shige ciki.

Auta ta kawar da kai don kunya. Baba ya ɗauka tausayinsa take ji. Ya ba ta haƙuri, wai ya kunyata ta a gaban manya da wannan rakwaɓaɓɓiyar waya.

“Kada ki damu,” ya ce. “Na yi magana da maƙwabci, tasa sabuwa ce. Gobe zan sake kira, ke dai ki ɗauka.”