Kalma Sittin, Babu Haƙuri

A ɗakin ɗinkin wani kamfani, mai duba aiki na korar duk wadda ya ji tana ƙorafi. Shi ya sa 'Yar Boko, mai ɗinka aljihu a layi na uku, ta ƙirƙiro wa matan yare nasu. Kalma sittin ta rubuta a bayan kwalin zare, irin su allura, keke, ciwo, ƙarya da yau. Da gangan ta ƙi saka haƙuri, don a ganinta shi ya cinye su shekara da shekaru. Wadda ta fi ji da ita ita ce "zankal", wato kowa ta ɗauke ƙafa daga keke. Wata huɗu tana koya musu lokacin cin abinci, suna dariya suna haddacewa.

Ranar da keken da aka gaji da roƙon a gyara ya huda yatsan gwaggonta da ke ɗinki tare da su, 'Yar Boko ta miƙe ta ce, "Zankal."

Kekuna suka ci gaba da ruri. Matan suka riƙa juyowa suna duban Gwaggo da tausayi, suna cewa, "Zankal, Yaya. Zankal."

"Gwaggo, me suke nufi?"

Gwaggo na naɗe yatsan da ƙyalle ta ce, "Ke da bokonki. Kin ba mu yare babu haƙuri, da me za mu ba juna baki? Muka ga wannan kalmar tana zaune ba aikin yi, muka ɗauka."

Da mai duba aiki ya shigo, 'Yar Boko kaɗai ya tarar a tsaye.