Gurbin Bajo

Tela ne ya fara sanin yawan yaran da za su bar makarantar kuɗin, tun kafin mai makarantar ta sani. Ba wani duba yake yi ba. Rigar makarantar kuɗin da ta makarantar gwamnati ta bayan kasuwa duk shuɗaye ne, yadi ɗaya, yanka ɗaya, bajon da ke kan aljihu kawai ya raba su. Don haka duk uban da ya gama shawara a ɗakinsa, shagon Tela yake fara zuwa da riga a leda, ya ce a cire bajo. Wasu ma ba sa iya faɗa. Sai su ajiye ledar a kan tebur, su nuna aljihun da yatsa, su shiga tambayar yaya kasuwa.

Shekara bakwai yana ɗinka wa makarantar kayan yara. Kusan kowane bajo shi ya ɗora shi, kuma sau biyu yake bin ɗinkin, don yaro ba ya barin abu ya zauna lafiya a ƙirjinsa. Yanzu ƙarfin ɗinkin nasa ya zame masa aiki. Sai ya sa bakin reza a hankali, ya tsinke zare ɗaya bayan ɗaya, ya jefa bajon cikin wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin keke. Ba ya karɓar ko kwabo a kan wannan aikin. Ya ce ba zai ci kuɗin abin da shi kansa bai so ba.

Dalilin duk wannan shi ne haraji. Majalisa ta yi wata uku tana ja-in-ja, daga ƙarshe ta ɗora haraji a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu, zai fara aiki da sabon zango, ranar Litinin. Mai makarantar ta raba wa iyaye takarda cewa ba ta da inda za ta ɗauko, su za su biya. Amma a rediyo har yanzu ba a gama gardama ba. Wani mai daɗin murya ya ce makarantar kuɗi kayan alatu ce, kamar turare da motar ƙawa, wanda ya ga zai iya alatu to ya biya. Mutane suna da saurin baki a kan abin da ba zai taɓa tukunyarsu ba. Akwai makarantun da suka cancanci wannan sunan, ba a musu. Wannan kuwa gidan haya ne mai ɗaki shida da bishiya ɗaya a tsakar gida, kuma masu kai 'ya'yansu su ne direba, da mai wanki, da nas, da Tela.

Autarsa ce a ciki, shekararta goma, za ta shiga aji biyar. Shi Tela a aji uku ya tsaya. Abin da yake samu daga makarantar nan ba a takardar sakamako yake ba. Akwai wani kabad na littattafai a ofishin mai makarantar, duk ranar Juma'a ana ba kowane yaro aron guda. Auta takan zo da nata shago, ta zauna a kan tarin ƙyallaye, ta karanta a fili, shi yana taka keke a hankali don kada ƙara ta danne muryarta. Idan ta kai wata kalma mai wuya sai ta ɗago ta ce, "Baba, ka san wannan?" Ya ce, "Na sani mana, amma faɗa in ji ko kin iya." Su duka biyun sun san ƙarya yake. Littafin da ta karanta kafin hutu kashi na farko ne, ya tsaya a daidai inda jirgin ruwa ya bar gaɓa da yarinyar labarin a ciki. Kashi na biyu yana kulle a kabad. Duk hutun nan kwana take ƙirgawa.

Ranar Alhamis da hantsi yayansa ya shigo da wando a kafaɗa. Malami ne a makarantar gwamnatin, shekara ashirin da ɗoriya.

"Tela, rage mini ƙugun nan. Albashi ya rage ni, wando bai samu labari ba."

"Bar shi yadda yake, Yaya. Harajinmu na tafe, za ka cika shi."

Yaya ya ja benci ya zauna, ya dubi tarin shuɗayen rigunan da ke kan tebur. "Duk waɗannan namu ne?"

"Naku ne. Ka yi murna."

"Murnar me? Yara tamanin da shida gare ni a aji. Idan ana ruwa, rabinsu a tsaye suke da littafi a ka. Ku kuka gudu kuka bar mu, ku masu baki, masu iya zuwa ofis su buga tebur. Da 'ya'yanku na wurinmu, da tuni an gyara rufin nan."

"Na ba ku babban ɗana shekara shida. Me kuka mayar mini? Sunan kwastoma ba ya iya rubutawa a jikin leda."

"Ba a ajina ya zauna ba."

"A makarantarku dai ya zauna."

Suna cikin haka matar Tela ta leƙo, za ta wuce kasuwa. Ta rusuna ta gaida Yaya, sannan ta ce, "Baban Auta, ga rigarta, gefen aljihun ya ɓalle. A kama mata kafin Litinin." Ta ɗora rigar a saman tarin ta fita. Tela ya ce "To" ba tare da ya juyo ba, don idonsa na kan yayansa, kunnensa ma haka.

"Ka ce makarantarku za a kai kuɗin harajin nan," in ji Tela. "Rantse."

Yaya ya gyara hula. "Haka aka ce."

"Aka ce. Ni kuwa ba 'aka ce' aka kawo mini ba, takarda aka kawo mini da hatimi."

"To a bar yara tamanin da shida a ruwa saboda Auta ɗaya?"

"A cire Auta ɗaya daga inuwa a kai ta ruwa, su zama tamanin da bakwai. Wa aka taimaka?"

Sai Yaya ya koma wani gefen. Ya ce ƙasar da kowa ke saya wa ɗansa ƙofar fita ba za ta taɓa gyara ɗakin ba. Maganarsa gaskiya ce, ta Tela ma gaskiya ce, shi ya sa muryoyinsu suka yi ta hawa. Tela ya miƙa hannu ya ɗauki rigar da ke sama, ya ɗauki reza. Kwana goma hannunsa na wannan aikin, ya daina neman izinin ido.

"Ka ji ni da kyau, Yaya," ya ce, yana tsinke zare. "Auta ba za ta bar makarantar nan ba. Ko keken nan zan sayar."

"Ka sayar ka yi ɗinki da me? Da haƙori?"

"Ba ruwanka."

"Mai makarantar ta ba ka aikin sababbin kaya bana?"

"Kaɗan."

"Nawa ne kaɗan?"

Tela ya tsinke zaren ƙarshe. Ya ɓare bajon, ya jefa a gwangwani, ya kakkaɓe guntayen zare.

A lokacin Auta ta shigo da kwanon abincinsa. Yaya ya washe baki. "A'a, ga 'yar boko mai tsada. Zo ki gaya wa ubanki ya daina yi wa yayansa tsawa."

"Ina kwana, Baffa," ta ce. Ta ajiye kwanon. Sai ta tsaya tana kallon abin da ke kan cinyar ubanta.

Maɓalli na uku a rigar fari ne, sauran shuɗaye. Shi ya sa mata shi bara da nata ya faɗi. Tela ya bi idonta, ya ga maɓallin, ya ga aljihun. Inda bajon ya zauna shekara biyu rana ba ta taɓa shi ba, wanki bai ci shi ba. Shuɗin wurin sabo fil, kamar ranar da aka yanko yadin, zagaye da ƙananan hujojin allura.

"Kuskure ne," ya ce. "Wallahi kuskure ne, Auta. Aljihun ne uwarki ta ce in kama. Baffanki ne ya cika ni da surutu."

Ya jawo gwangwanin ya zazzage a kan tebur. Bajoji sun fi talatin, duk iri ɗaya, buɗaɗɗen littafi da fitila. Ko wanne ya ɗauka zai yi, amma ya shiga juya su da yatsa yana neman nata.

"Nawa yana da tabon biro a ƙasa," ta ce a hankali.

Ya same shi. Ya ɗauko allura, ya lashi bakin zare. Mutumin da ke zura zare yana hira, yau sau uku yana kuskure kafar allurar.

"Baba, bar shi."

"Minti biyu ne."

"Bar shi. Na ga mutumin da ya zo ranar Talata yana jujjuya keken. Na ji abin da ya taya, na ji Mama ta ce zango ɗaya da rabi zai biya. Bayan zango ɗaya da rabin fa?"

Manya suna zaton yaro kurma ne idan ya sunkuyar da kai a kan littafi. Kuskurensu ke nan kullum. Tela ya buɗe baki zai ce maganar manya ba tata ba ce, sai ya ga ba kuka take ba, ba kuma fushi ba. Fuskar wadda ta daɗe da sani ce, tana jira ne kawai a gaya mata. Mako biyu yana ɓoye mata abin da ita ma take ɓoye masa.

"Littafin fa?" ya ce. Shi kansa bai san abin da zai fito daga bakinsa ke nan ba.

Ta ɗaga kafaɗa. "Ƙila jirgin ya isa."

Yaya ya yi gyaran murya. Duk zafin da ya shigo da shi ya tafi. "Ajina zan sa ki," ya ce. "A gaba, kusa da allo, inda ba ya yoyo. Wanda ya taɓa ki, ni ya taɓa."

"Baffa, kuna da ɗakin littattafai?"

"Akwai ɗakin," in ji Yaya. Ya sosa ƙeya. "Littattafan ne ke hanya."

Ta yi dariya kaɗan, don ta ga yana so ta yi. Tela ya daɗe riƙe da allurar da zaren da bai shiga ba. Daga baya ya soke ta a jikin matashin allurai, ya tattara bajojin ya mayar cikin gwangwani, har da mai tabon biron. Yaya ya tashi ya tafi, ya manta wandonsa a kan benci.

Ranar Asabar Yaya ya aiko da bajon makarantarsu. Ya fi wancan ƙanƙanta. Duk yadda Tela ya daidaita shi, sai sabon shuɗin ya leƙo ta gefe kamar zobe. Ya yi tunanin cire aljihun gaba ɗaya ya sa wani, amma sabon yadi a kan tsohuwar riga ya fi tona asiri. Matarsa ta ce wanki biyar zai daidaita su. Ya san ba zai daidaita ba, amma bai yi musu ba. Ya ɗora bajon, ya bi ɗinkin sau ɗaya kawai. Sannan ya kama gefen aljihun da aka ce ya kama tun farko.

Ranar Litinin bai buɗe shago da wuri ba. Ya ce shi zai raka ta. Suka bi ta gaban mai faci, suka wuce famfon unguwa inda mata ke layi, suka iso mararraba. A nan ƙafar Auta ta karkata dama da kanta, taku biyu, kafin ta tuna ta dawo.

Suna jiran hanya ta yi sauƙi su tsallaka, sai ga ƙaramar bas ɗin makarantar kuɗin, mai kwaso yaran nesa. Direban ya saba idan ya ga Auta a hanya ya rage mata sauran tafiyar. Ya taka birki, ya danna hon sau biyu, ya miƙa hannu ya tura ƙofa. Kujerun baya rabi babu kowa. Wata yarinya mai gilashi ta manna fuska a taga tana kiran Auta, tana nuna mata gurbin da ta tsare mata kusa da ita.

Direban ya dubi ƙirjin rigar, ya dubi Tela. Ya jawo ƙofar a hankali ya rufe.

"Allah ya rufa asiri, Tela," ya ce.

"Amin. A sauka lafiya."

Auta ta ɗaga wa mai gilashin hannu, ta bar shi a sama har motar ta sha kwana. Daga hagu, ta bayan kasuwa, ana jin ana buga ƙarfen shiga aji, da hayaniyar yara masu yawa.

"Baba, za mu makara," ta ce.

Ya karɓi jakarta ya rataya a kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba, suka tsallaka titi.