Sukuru Biyu a Injin Marigayi

Sukundireba ta sake zamewa, ta kwarzane wa Yaya Babba yatsa. Ya yi tsaki, ya cusa yatsan a baki.

“Alhaji, a hankali,” in ji Mai Gwangwani, yana jingine da kurarsa. “Ƙarfe na zo saye, ba nama ba.”

Uwar ’Yan Biyu tana bakin rumfa tana kallo. Wata biyar da rasuwar mijinta, bakanike, dangi suka kwashe injin niƙa biyu masu lafiya, da janareta, har da kujerar da yake zama. Sun kira abin “adanawa saboda marayu”, marayun kuwa ko inuwar kayan ba su ƙara gani ba. Wannan tsohon injin kaɗai aka bari, don ya yi shekara uku bai yi tari ba. Yau yayan mijin ya zo ya sayar da shi a kilo, ya sa wa rumfar kwaɗo. Da ya ji akwai jar waya a cikin kwayil ɗin da ke ba da wuta, sai ya ce shi zai cire abinsa tukuna.

Sukuru biyu ne suka tsaya masa, ƙanana, tsatsa ta haɗe su da ƙarfen. Ɗaya daga ciki ya riga ya cinye masa kai da sukundireba.

“Yaya, ka bar shi haka. Za ka karya shi a ciki.”

Ya ɗago. “Au, har da ke? Yaushe tukunya ta fara koyar da kanikanci?”

“Lafiyar injin ƙalau. Bakin wutar ne ya yi datti, yana ƙarƙashin farantin nan.”

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. “To, madalla. Ki tada shi kafin la’asar, naki ne, har rumfar. Malam, ka shaida.”

“Na shaida,” in ji Mai Gwangwani, ya ɗaga murya yadda matan da suka fara leƙowa ta katanga za su ji. “Su ma sun shaida.”

* * *

Kowa a unguwar yana yabon hannun marigayi. Ba wanda ya taɓa tambaya yadda mutumin da idonsa ya dushe shekara takwas yake zura ɗan sukuru kamar ƙwayar shinkafa a raminsa. Shi ne kunne, ita ce ido da yatsu, bayan an sakaya ƙofa.

Ta gauraya kananzir da man birki a murfin kwalba, ta ɗiga wa kowanne, ta koma ta zauna.

“Shi ke nan aikin?” in ji Yaya Babba.

“Yana sha ne, Yaya. Shekara uku yana jin ƙishi.”

Bayan azahar ta sa dogon ƙusa a garwashi har ya yi ja, ta ɗora bakinsa a kan sukurun da bai lalace ba. Man ya yi cuu, hayaƙi ya tashi. Ta kafa sukundireba, ta ƙwanƙwasa mata guduma sau uku, ba da ƙarfi ba, kamar mai sallama a gidan surukai. Sannan ta murɗa dama.

“Ga ta nan!” Yaya Babba ya tafa. “Ɗaurewa take yi! Ko hagu da dama ba ta sani ba.”

Ta gyara riƙo. Tsatsa ta shirya wa mai ja, ba ta shirya wa mai turawa ba. Ta ƙara dannawa kaɗan, sai aka ji ƙas. Ta juyo hagu, ta koma dama, ta sake hagu. Sukurun ya fito yana kuka, ya faɗo tafin hannunta da jan gari.

Ɗayan, mai cinyayyen kan, shi ne abin tsoro. In ya karye, rumfa ta tafi. Ta ɗauki guntun zarto ta yanka masa sabuwar tsaga, gumi na shiga mata ido. Ta gasa shi, ta ƙwanƙwasa, ta murɗa dama. Shiru. Inuwa ta riga ta kai gindin katanga.

“Malam, juyo da kurarka,” in ji Yaya Babba.

“Tayar ta sace, Alhaji,” in ji Mai Gwangwani, ko kallon tayar bai yi ba.

Ta sake gasawa. Ta ɗora duk nauyinta a kan sukundireba, ta rufe ido, ta ce bismillah. Ƙas.

Ta ɗage farantin, ta goge bakin wutar da ’yar takardar yashi har ya yi fari, ta mayar da komai, ta zuba fetur. Ja na farko, injin ya yi shiru. Na biyu, ya yi atishawa. Na uku, ya ɗauka da ruri, kwanon rumfa ya hau rawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe wurin. Mata suka rangaɗa guɗa ta kan katanga.

Yaya Babba ya matso yana wurga hannu, bakinsa na motsi. Wataƙila cewa yake wasa ya yi. Ta kai hannu kunne, ta girgiza kai, ta ƙara wa injin wuta.

* * *

Da yamma ta kashe shi. Garin niƙan farko ya yi wa girarta fari. ’Yan biyu suna zaune a kan buhu, Hassana ta ce, “Umma, gobe ma za su zo su ɗauka?”

“A’a.”

“Jibi fa?”

Uwar ta miƙe. Ta jawo tabarmarta daga ɗaki, ta shimfiɗa a jikin injin, inda ƙarfen yake da sauran ɗumi.