Dubiyar Tsutsotsin Karimatu

Yajin aikin jami'a ne ya koro Karimatu gida Toranke, ita da kwali cike da faya-fayan roba. Tsutsotsi ne a ciki, 'yan mitsi-mitsi, da ƙyar ido ke ganinsu, kuma da su za ta gama digiri. In suka lalace, sai ta maimaita shekara. Ta jera su a gindin randar kakarta Iya Hanne, don ba sa son zafi.

Iya Hanne kuwa Allah Ya yi ta da tambaya.

"Ke ja'ira, me ya sa kika raba su gida biyu?"

Karimatu ta miƙa mata gilashin da ke ƙara girman abu. "Iya, in tsutsa tana girma, ƙwayoyin jikinta ne ke aika wa jijiya saƙo: bi nan, kauce can. Waɗannan saƙo ya isa, kin ga tafiyarsu sumul. Waɗancan bai isa ba, jijiyoyin suka ɓace hanya, shi ya sa suke nannaɗewa wuri ɗaya. Bambancin nake nazari, dole kowa ya zauna a faifansa."

Tsohuwa ta daɗe tana leƙen masu nannaɗewar, har ta yi ƙwalla.

"Wayyo bayin Allah! Ba wanda ya zo duba su?"

Karimatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Dariyar da ta ja mata ke nan, don Iya Hanne ba a taɓa ciwo a unguwa ta kwana ba ta je dubiya ba.

Washegari Karimatu ta tafi Gaya neman mai firjin da zai ajiye mata su. Da ta dawo da la'asar, sai ga faya-fayanta an wanke tas, an kife a rana. 

"Iya! Ina tsutsotsina?"

Iya Hanne ta buɗe langar da take kai wa marasa lafiya kunu. Ashe ta kankare kowane faifai da cokali, ta haɗe tsutsotsin a ciki, har da ɗan yayyafin fura don masu jinya.

Karimatu ta zube a ƙasa ta fashe da kuka. Shekara guda ta tafi!

Tsohuwa ta dafa kan Karimatu. "Yi haƙuri 'yar nan. Ni ma da na ga sun haɗu da danginsu sai da na yi kuka."