Gwaji Na Sha Bakwai

Aikina a kamfaninmu shi ne rubuta tambayoyin da ake tace masu neman aiki da su. Duk mai son ya zama marubucin manhaja a wurinmu sai ya zauna gaban kwamfuta ya warware tambaya ɗaya cikin minti arba'in da biyar. Idan ya miƙa amsarsa, na'ura ta gwada ta da jerin lambobi har kashi ashirin waɗanda na ɓoye. Wanda ya ci ashirin cif ya wuce zuwa ganawa. Mai sha tara kuwa sai haƙuri, kuma ba a sake ba shi dama. Ni na kawo wannan ƙa'idar, ina kuma alfahari da ita, domin ba na shiri da mai sakaci.

Tambayar da na fi taƙama da ita ta madatsar ruwa ce. Za a ba ka jerin lambobi, kowace tana nuna yadda ruwa ya ƙaru ko ya ragu a rana ɗaya. Sai ka nemo ranakun da ke jere da juna waɗanda jimillarsu ta fi girma, kuma dole ka ɗauki aƙalla rana ɗaya. Da hannuna na rubuta wannan sharaɗin, har na ja masa layi.

Ƙanena, wanda kowa a gida ke kira Auta duk da gemunsa, shekara biyu ya yi yana shirin wannan jarabawa a kan teburin falo, da tsohuwar kwamfutata mai ɓallallen maɓalli. Ya zauna, ya ci sha tara. Dokar ofis ta hana ni buɗe aikin ɗan'uwana, ni ma ban ga dalilin buɗewa ba. Na dawo gida na wanke shi tas a gaban Mama. Na ce ya zubar mini da mutunci, na ce tambayar da wasu ke gamawa cikin minti ashirin ita ce ta kayar da shi, na ce wataƙila aikin nan ba nasa ba ne. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, Yaya." Bayan mako biyu ya kama aiki a wani rumbun ajiyar kaya, yana liƙa takarda a jikin kwalaye daga safe zuwa yamma.

Wata takwas bayan haka, wata safiyar Talata, aka ce in kwashe tsofaffin tambayoyi zuwa sabon tsari. Na sake rubuta amsar tambayar madatsa daga farko, ina kurɓar shayi, hankalina rabi yana wani wuri. Na gwada ta. Sha tara bisa ashirin. Na yi tsaki na buɗe gwajin da ya kayar da ni, wato gwaji na sha bakwai. Lambobi uku ne kacal a ciki, duk ƙasa da sifili: ruwa ya ragu da bakwai, ya ragu da biyu, ya ragu da biyar. Tunda dole a ɗauki rana, amsar ita ce ranar da ya ragu da biyu. Abin da sabuwar amsata ta bayar ke nan. Amma a ma'ajiyar na'ura, amsar da na ajiye tun bara sifili ce.

Na ɗauko tsohuwar amsata, na ga abin a layi na biyu. Na fara lissafin ne da sifili a matsayin mafi girma, kuma a jerin da komai raguwa yake yi babu abin da zai taɓa wuce sifili. Kuskure ne da muke yi wa ɗalibai dariya a kansa. Duk wanda ya karanta tambayar da kyau na kayar da shi, duk wanda ya yi sakaci irin nawa na buɗe masa ƙofa. Na nemo jerin waɗanda gwaji na sha bakwai kaɗai ya kayar. Mutum sittin da uku, Auta ne na arba'in da ɗaya.

Na shiga ofishin Manaja ko sallama ban gama ba. Ofis ne na gilashi, da wata tukunyar fure da ta bushe tun zuwansa. Ya saurare ni yana danna bayan biro.

"Waɗanda muka ɗauka fa?" ya ce.

"Duk irin kuskurena suka yi, Yallabai."

Ya leƙa ta gilashi ya dube su, su goma sha ɗaya da ke zaune a layi, kowa da abin sauraro a kunne, sai ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

"Gyara shi ki yi shiru, Malama. Wa ya sani?"

"Ni na sani. Mutum sittin da uku ne."

"Har da ƙanenki, ko?"

Na ce har da shi. Muka yi ta ja-in-ja kusan awa ɗaya, na ɗaga murya har sakatariya ta leƙo. A ƙarshe ya yarda a aika musu saƙo cewa kamfani ya ba su dama ta biyu saboda sun kusa ci. Tambayar dai ita ce, da gwajin da aka gyara. Amma da sharaɗi.

"Ko mutum ɗaya ya ji cewa kuskurenmu ne, na soke zaman, kuma sunanki zan kai sama. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Gaskiyar da ba na son faɗa ita ce sharaɗin ya yi mini daɗi. Ya ba ni hujjar da zan fake da ita, ba sai na tsaya gaban yaron da na ci wa mutunci na ce ni ce mai sakacin ba.

Da na koma gida da yamma na tarar da Mama tana guga a falo, Auta kuma yana tsaye da rigar aikinsa, waya a hannu, yana karanta mata saƙon karo na ban san nawa ba.

"Yaya, ke kika sa baki?"

"Ni ina ruwana? Na'ura ce ta zaɓo ku."

"Allah dai ya yi miki albarka," in ji Mama, ba ta ko ɗago kai daga rigar da take gogewa ba. "Kai kuma ka buɗe ido wannan karon, kada ka sake sa yayarka jin kunya."

Maganar ta zo mini har bakin leɓe. Na dube shi, na ga yadda ya rame, na ga sawun igiyar kwali a tafin hannunsa. Sai na ce wa kaina, ai ya ci ta daidai tun farko, abin da ya rubuta a wancan karon shi zai sake rubutawa, to mene ne na tada zance? Na ce masa kawai, "Ka karanta tambaya da kyau."

"In Allah ya yarda na daina sakaci, Yaya."

Ranar Alhamis ƙarfe goma suka zauna. Sha ɗaya da kwata na karya dokar ofis na buɗe aikinsa. Tsarinmu yana ajiye duk abin da mutum ya danna, kana iya kallon rubutunsa yana fitowa harafi bayan harafi kamar kana tsaye a bayansa. Na ga ya fara da ɗaukar lambar farko ta jerin a matsayin mafi girma, daidai yadda ya kamata. Ya gama komai cikin minti goma sha huɗu, aiki tsaf, ya fi nawa kyau. Na saki numfashi.

Sai rubutun ya tsaya. Minti ɗaya, biyu, har huɗu babu abin da ya motsa. Daga nan alamar rubutu ta hau sama zuwa layi na biyu, ta goge abin da ke wurin, ta sa sifili. Ya miƙa. Sha tara bisa ashirin.

Ina zaune ina kallon jan layin da ke kan gwaji na sha bakwai wayata ta yi ƙara. Sakamako ba zai fita ba sai gobe, don haka bai san komai ba. Muryarsa cike da murna, ga ƙarar motoci a bayansa.

"Yaya, ita ce dai! Tambayar ruwan nan. Wannan karon na kama ta."

"Ka kama ta yaya?" na ce.

"Ai tun da kika yi mini faɗan nan ban huta ba. Na je wurin Dogo, abokina da kuka ɗauka, na roƙe shi ya nuna mini yadda ya yi tasa. Layi ɗaya ne bambancinmu, shi da sifili ya fara. Wallahi har yau ban gane dalilin ba, a kaina tawa ce daidai. Ɗazu ma sai da na sake rubuta tawa, na zauna ina kallonta. Sai na ce, kai wane ne? Yaya ce ta rubuta tambayar nan, ita ba ta kuskure. Na goge."

Ta gilashi ina hango Manaja yana waya yana murmushi, kuma na san ko zan kwanta a ƙasa ba zai ba da zama na uku ba.

"Yaya, kina ji na? Na riga na gaya wa mai rumbun gobe ce ranata ta ƙarshe. Kada ki faɗa wa Mama tukuna, ni nake so in faɗa mata da bakina."