Moda a Kan Randa

A shekarar farin 1984 ni ne majo, wato babban ma'aikacin jinya, na wata ƙaramar likita a kan hanyar Mayahi zuwa Tasawa. Ɗakuna uku ne masu daɓen siminti, da itacen bedi, wato dogon yaro, guda a bakin ƙofa. A gindin bedin akwai tsohuwar randa, wadda a shekarun wadata ake cikawa domin masu wucewa. Tun da rijiyoyi suka ja baya, wata biyar ba a zuba mata ko ɗigo ba.

Sai takarda ta zo cewa kwamandan soja zai zagayo ranar Alhamis. Kowa ya san halinsa: yakan duƙa ya shafa yatsa a ƙasa, sannan ya dubi yatsan. Girezil ɗin da muke goge daɓe da shi ya ƙare, a kanti kuwa kwalba ɗaya ta kai kuɗin tiya huɗu ta hatsi. Na kai kukana gida, matata Zalika ta yi dariya.

"Kai da karatunka duka, Majo, ba ka san ruwan toka ba? Tace toka, ka jefa kanwa da guntayen sabulu. Ko tukunyar mai yana wankewa."

Na yi yadda ta ce, amma na ƙara abin da ba ta ce ba. Na sayo soda wurin masu dafa sabulu na zuba, don ina son daɓen ya yi ƙyallin da zai gamsar da soja. Bokitinmu guda ne, yana can bakin rijiya, saboda haka na haɗa a cikin randar. Dabarar ita ce a cika kwalba mai hudajjen murfi, a yayyafa a ƙasa, a bi da tsumma ɗaure a sanda.

Na Allah, dattijon da ke mana shara, ya ɗiba da moda ya cika kwalbarsa. Da ya gama ya rufe randar da faifai, ya kifa modar a kai, kamar yadda hannunsa ya saba shekara ashirin. A ƙasarmu kuwa, moda a kan randa a bakin hanya magana ce cikakkiya: sha, ba sai ka tambaya ba.

Laraba da hantsi ina ciki ina kallon daɓen, ina jin daɗin kaina, sai na ji muryar mace a waje.

"Allah ya yi albarka ga wanda ya aje ruwan ga cikin wannan shekara."

Ban fahimta ba. Wallahi ban fahimta ba, har na ji faɗuwar moda.

"Majo! Majo, fito! Ta sha!"

"Ta sha mi, Baba Na Allah?"

"Abin naka! Abin naka ta sha!"

Tsohuwa ce, durƙushe a gindin bedin, hannayenta biyu a maƙogwaro, bakinta a buɗe amma babu ihu. Tokar ta kwanta a ƙasan randar, samanta garau kamar ruwan rijiya, ita kuma ƙishirwar tafiyar kwana biyu ba ta bar ta ta shinshina ba. Sunanta Lalla. Daga arewacin Kanan-Bakashe ta taso a ƙasa, ta ji ana rabon hatsi a Tasawa. Na tsaya riƙe da sandar goge-goge. Na san abin da soda ke yi wa maƙogwaro, a lakwal, makarantar aikin jinya, an koya mani.

Muka ɗora ta a amalanke zuwa babbar likita. Na Allah yana biye yana kuka.

"Ni na kifa modar, Majo. Ni za a ɗaure."

"Kai moda ka kifa, Baba. Ni na zuba wutar."

Washegari kwamandan ya iso. Ya duƙa, ya shafa yatsa, ya duba.

"Très bien, Majo, ya yi kyau. Akwai wata matsala?"

Na ce babu.

Lalla ta rayu, amma maƙogwaronta ya tsuke. Da hatsin taimako ya zo aka ba ta rabonta, tuwo ya ƙi wucewa. Matar da ta yi tafiyar kwana biyu domin abinci ta zauna tana kallonsa a akushi. Zalika ce ta ɗauko ta zuwa gidanmu ba tare da ta nemi shawarata ba, ta riƙa dama mata tataccen kunu tana ba ta da ƙaramin ludayi. Shekara shida muka yi haka.

Sai da wata ya cika da zuwanta gidanmu sannan na iya durƙusawa gabanta na gaya mata wanda ya cika randar, da abin da ya sa. Na so ta zage ni. Ta dube ni, ta yi magana da 'yar muryar da ta rage mata.

"Ɗana, ai na riga na sa maka albarka kafin in sha. Albarka kuwa ba a maido ta."

Randar tana ƙofar gidana yanzu. Kowace safiya nakan cika ta, in ɗiba in sha da bakina, kafin in kifa modar.