Hoton Cikin Ubale

Ubale ya buɗe baki, Dakta Zailani ya ɗora masa ƙwayar a kan harshe. Ba ta fi wake girma ba, baƙa wuluk, da ɗan gilashi a goshinta, an ɗaure ta da farin zare. Aka miƙo moɗar ruwa, ya kurɓa, ƙwayar ta wuce, zaren ya bi ta har ya rage kamu ɗaya a hannun Dakta.

"Kada ka yi tari, Malam," in ji Dakta, yana magana da Ubale amma idonsa na kan taron. "Yanzu haka tana ɗaukar hoto. Daga ƙasar waje aka kawo ta, ko a Kano ba su da irinta."

Ranar kasuwar Dangora ce, cikin daminar 1994. Masu awo sun bar buhunansu, Fulanin Burumburum sun jingina da sandunansu, kowa ya miƙa wuya. A gaba-gaba Tasalla ce, matar Ubale, wadda ta bar tukunyar farfesun da take sayarwa tana tafasa ita kaɗai. 'Yar mahauta ce. Shekara talatin tana wankin tumbi da hanji, ta san cikin akuya da na sa kamar yunwar cikinta, amma tun tana yarinya abu ɗaya ke cin ranta: shin cikin ɗan'adam yaya yake? Ta taɓa tambayar babanta, ya ce ta nemi tsari, ai mutum ba dabba ba ne.

Wata takwas ke nan Ubale na fama da ciwon ciki. Ya ci tuwo ya dawo, ya sha koko ya ƙone shi. Asibiti a Kano sun ba shi kati, ya koma ranar Alhamis mai zuwa a zura masa tiyo mai fitila ta maƙogwaro a leƙa. Tun a mota ya rantse shi ba injin ban-ruwa ba ne da za a sa masa tiyo. Sai ga mai ƙwaya ya sauka a gari, to me ake jira?

Dakta ya jawo zaren sannu a hankali, ya shige bayan labulen motarsa da ƙwayar. Jim kaɗan ya fito yana fifita wani ɗan hoto a iska, irin na nan-take.

"Allahu akbar! Ku duba!"

Jama'a suka yi dafifi. Abu ne mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, a tsakiyarsa wani baƙin ƙulli ya naɗe.

"Ka ga wannan? Sammu aka ba ka ka ci, ya daɗe a kwance. Ga garin magani, ka sha kwana arba'in, zai narke. Amma kada ka bari 'yan asibiti su taɓa shi da tiyo, fashewa zai yi."

Tasalla ta karɓi hoton, don yau za ta ga abin da ta yi shekaru tana son gani. Ta duba, ta ƙara dubawa, sai ta gane abin da take kallo.

Da safiyar nan, kafin kasuwa ta cika, wani baƙo ya tsaya a kanta. Daktan nan ne, amma a lokacin bai sa farar riga ba tukuna. Ya tsallake wankakken tumbi, ya nuna na wata akuya da ta haɗiyi baƙar leda, ya ce shi yake so, kada a cire komai. Har ta yi masa dariya, ta ce ko miyar leda ake yi a garinsu.

* * *

Ta bari sai da suka isa gida, Ubale ya yi la'asar ya zauna a kan buzunsa yana dama garin a kofi.

"Malam, hoton nan ba cikinka ba ne."

"To na wa ne? Naki?"

"Na akuya ne. Ni na sayar masa da hannuna. Wannan ƙullin leda ce, har gefen da wuƙata ta zame ga shi nan."

Ubale ya yi dariya, dariyar ta murɗa masa ciki, ya dafe. "Tasalla ke nan. Gani ya kori ji. A gaban mutum ɗari aka ciro abin nan daga bakina."

"Ai ni ma ganin na yi."

"Kin taɓa ganin cikin mutum?"

Nan ne ya kama ta.

"To ta yaya kika san ba haka yake ba? Allah da ya halicci akuya shi ya halicce ni. Ko ke ma dakta kika zama a bakin tukunya?"

"Ban zama ba. Amma don Allah mu je Alhamis ɗin nan, su leƙa su gaya mana. In haka cikin mutum yake, ni zan fara ba ka haƙuri."

"Su fasa ni?" Muryarsa ta yi ƙasa. Bai dube ta ba, ya ƙura wa kofin ido. Nan ta gane ba gardama yake yi ba, tsoro yake ji. Hoton ya ba shi ciwo mai suna da magani mai kwanaki, ita kuwa tiyo kawai take miƙa masa. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara ji.

Ta kai maganar wurin wansa, ya ce ta bar maza su yi sha'aninsu. Ta koma kasuwa mako na gaba da niyyar tsire baƙon a gaban jama'a, ta tarar da mai rake a wurin. Aka ce ya yi Tudun Wada, wasu suka ce an gan shi a hanyar Doguwa. Ranar Alhamis ɗin kuwa, Ubale ya saɓa fartanya ya tafi gona, ya dawo kafin azahar.

* * *

Ubale bai ga an kai masara rumbu ba.

Ranar sadakar uku mata suka cika ɗakin Tasalla. Wata ta hango hoton a maƙale jikin madubi, ta ciro shi, ya fara yawo hannu zuwa hannu.

"Ikon Allah! Wannan ne ya ci shi?"

"Dubi ƙulli, 'yar'uwa. Mutum mugun icce ne."

"Amma zamani ya zo da abin mamaki. Ashe haka cikinmu yake?"

Hoton ya zagayo ya faɗo kan cinyarta. Ta dubi ramukan, ta dubi ledar, ta dubi gefen da wuƙarta ta zame. Akuyar ja ce, ta tuna, mai karyayyen ƙaho ɗaya.

Da ɗakin ya yi sauƙi ta buɗe kwalla ta ajiye shi a kan katin asibiti, wanda ko lanƙwasa bai yi ba. Shekara ashirin da bakwai tana dafa wa cikin nan abinci, an rufe shi da ƙasa ba wanda ya leƙa.